Ƙafar Hagun Malam Sassauta

Shekara talatin da ɗaya Malam Sassauta ya yi yana koya wa mutane tuƙi, ba a taɓa jin ya ɗaga murya a cikin mota ba. A wajen mota kam ana jin muryarsa, har takan yi yawa. Sunan ma daga bakinsa aka tsince shi. Duk wanda ya zauna a bayan sitiyarinsa, ya taka kulochi, ya sa giya lamba ɗaya, kalma guda zai yi ta ji a gefen kunnensa, a hankali kamar ana lallashin jariri: "Sassauta. Kada ka saki, sassauta." Tun ana kiransa da ita a bayan idonsa har aka koma kira a gabansa, shi kuma ya amsa. Aka wayi gari ko maiɗakinsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno sunan da ke rubuce a lasisinsa.

In ka ji an ce makarantarsa, kada ka sa ran gini. Shago ne guda tsakanin mai faci da bakanike, da tebur, da allon alamomin hanya wanda rana ta cinye jansa. Sai mota ɗaya, 'yar ƙarama fara, wadda bakanike ya haɗa wa birki da kulochi na biyu a gefen malami. An sake mata injin sau biyu, amma Malam bai yarda ta tsufa ba. Cewa yake yi ta san aiki.

Dokokinsa biyu ne, ba ya ɗaga wa kowa. Ta farko, a cire takalmi. Ya ce tafin ƙafa shi ke jin lokacin da mota ta fara kamawa, wanda ya taka kulochi da takalmi kamar wanda ya toshe kunne ne ya zo sauraron magana. Ta biyu, kofi. Wani kofin ƙarfe ne da ya lotsa ta gefe ɗaya, zai cika shi da ruwa saura yatsa guda, ya ɗora a kan ɗan katakon da ya kafa a gaban motar. In ka tashi da fizga, ruwa ya zube. In ka tsaya da garaje, ruwa ya zube. Wanda ya zubar kuwa shi ke gogewa. Ya sa lauya ya goge, ya sa shugabar makaranta ta goge, ya sa wani mai shaguna uku ya goge sau tara a yini ɗaya, har mutumin ya ce shi fa tuƙi ya zo koya ba wanki ba.

Da yamma, in an gama darasi, sai a fitar da benci ƙarƙashin rumfar mai faci, a zauna a yanke wa motocin duniya hukunci. Babu ɗayansu da ya taɓa sayen sabuwar mota, amma wannan bai hana komai ba. Da motocin lantarki suka fara giftawa a titin, ɗaya yau, biyu gobe, sai hira ta samu abin ci.

Bakanike shi ne ransa ya fi ɓaci. "An kawo mini wata in duba ƙofa," in ji shi. "Na ce bari in leƙa injin tunda ga ni ga ta. Na ɗaga gaba, sai na tarar da jakar kaya da lema. Na ce ina injin? Mai ita ya nuna mini ƙasa da yatsa. To ni in zan duba ta sai na haƙa rami ke nan?"

"Ni dai ko da iska za ta yi tafiya, tunda a kan taya take, ba ni da ƙorafi," in ji mai faci. "Ƙusa ba ruwanta da lantarki."

Mai wankin mota ya ce shi ranar da aka fara kawo masa ita, a kan busasshen katako ya tsaya, ya watsa mata ruwa daga nesa yana jiran ya ji ta ja shi. Ba ta ja shi ba, amma har yanzu bai saki jiki da ita ba.

Sai a juya ga Malam Sassauta, don shi ke rufe zance. Shi ba da lantarki kaɗai yake faɗa ba. Tun zuwan otomatik ya raba motoci gida biyu: mai abin takawa uku ita ce mota, mai biyu kujera ce mai tafiya. Ta lantarkin kuwa ko kujerar bai ba ta ba. "Dutsen guga ne aka sa wa taya," in ji shi. "A jona, ya ɗauka, a cire. Ina tuƙi a nan? Ko akuya ka ɗora, in ƙafarta ta kai, za ta kai ka gida."

Akwai wani labari da ya ba da shi ya fi a ƙirga. Wai duk direban gaske, ranar da ya fara shiga mota mai abin takawa biyu, in ya zo tsayawa sai ƙafarsa ta hagu ta tashi neman kulochi. Ba za ta same shi ba, sai ta samu gefen birki, ta danne shi har ƙasa yadda ta saba, duk wanda ke cikin motar ya gaisa da gilashi. Mutane na kiran wannan kuskure. Malam ya ce shaida ce ƙafar ta samu tarbiyya. Shi dai bai taɓa gwadawa ba, ya kuma sha faɗa a gaban kowa cewa ba za a gan shi a ciki ba.

Cikin 'ya'yansa biyar, Auta ce kaɗai ta ɗauko hannunsa. Sauran sun koya don dole, ita ta koya don so. Sau biyu tak ta zubar da kofin, ya kuma faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare, har da waɗanda ba su tsaya ba. Da ta girma ta kama sana'ar kai yara makaranta da safe, da rana ta ɗauki mata masu zuwa asibiti da kasuwa. Shekara shida tana yi da tsohuwar mota mai giya, sai ran nan ta shigo layin da wata shuɗiya, ta hannu, ta tsaya a ƙofar gida ba wanda ya ji zuwanta.

Malam ya fito ya zagaya ta sau ɗaya, hannu a baya.

"Tayar da ita mu ji."

"Ai a tashe take, Baba."

Ya kara kunne. Ya duba baya inda salansa ya kamata ta kasance, bai ga komai ba. Ya leƙa ta taga ya ƙirga abin takawa, ƙirgar ba ta ɗau lokaci ba.

"Duk wahalar da na sha a kan ƙafarki ta hagu," ya ce, "ashe ajiye ta za ki yi."

"Baba, mutanen da nake ɗauka gida suke so su isa. Ba wanda ya taɓa tambayata da ƙafa nawa na kawo shi."

Gidan aurenta a lungu yake, mota ba ta shiga, don haka a gidan uban motar ke kwana. Bai hana ba, amma ya ce ba a rumfa ɗaya da tasa ba. Maiɗakinsa, wadda shekara talatin da takwas ba ta taɓa furta ra'ayi a kan mota ba, ta shiga sau ɗaya ta dawo ta ce ita kam ta ji daɗinta: ba warin fetur mai tayar mata da zuciya, kuma mutum yana jin abin da yake faɗa. Kwana biyu Malam yana amsa gaisuwarta a taƙaice.

Abin ya same shi ne a bakin aiki, wata safiya, a hawan da ke bayan tankin ruwa, inda yake koyar da tashi a kan tudu. Ɗalibin wani tela ne, darasinsa na takwas. Motar ta mutu a hannun telan, ta fara silalowa baya. Malam ya kai ƙafar dama ya taka birkinsa, ya aiki ta hagu ga kulochi, ba ta je ba. Ya sake aikenta, ba ta je ba. Ya buɗe baki ya ce "sassauta", kalmar ta fito a karkace, kamar da ruwa a bakinsa. Telan ya dube shi sau ɗaya, ya tayar da motar, ya kai shi asibiti a giya lamba biyu tun daga hawan har ƙofa, ba takalmi, kofi na birgima a ƙasa. Da Malam ya samu baki, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya goge ruwan.

Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ɓarin hagu, an kuma yi sa'a an zo da wuri. Baki ya miƙe cikin sati uku. Hannu ya dawo a hankali, har yana ɓalle maɓallin riga da kansa. Ƙafar ce ta ƙi. Yana iya tsayawa a kanta in ya dogara sanda, yana janta a baya, amma ya ce mata tashi ta tashi, wannan babu. Likitar motsa jiki ta ba shi aiki: ya zauna a kujera, ya ɗaga tafin, ya taka matashi, sau ashirin safe da yamma. Wata guda ya yi yana kallon ƙafar yana ba ta umarni, gumi na tsattsafo masa, ita kuwa tana kwance kamar ta wani. Daga nan ya ce a ɗauke matashin.

Maiɗakinsa ce ta koma ƙafar. Ita ke ɗaga ta ta sa a wando, ita ke ɗora ta a gado, ita ke shigar da ita mota ranar asibiti. Tana yi tana hira a kan wani abu dabam don kada ya lura, shi kuma yana lura.

A wata na biyar likita ya gwada idonsa da hannuwansa da ƙafar dama, sannan ya ce masa cikin fara'a, yana zaton albishir yake yi: "Malam, ai za ka iya komawa tuƙi. Mota marar kulochi kawai za ka nema, a sake gwada ka a ba ka takarda."

Malam ya yi godiya, ya ɗauki sandarsa.

A nan fa abin ya tsaya. Mutumin nan ba abin da yake so a duniya kamar ya sake jin sitiyari yana juyawa a hannunsa, ga hanya kuma an nuna masa, amma bakinsa ya riga ya tare ta. Shekara nawa yana cewa ko akuya za ta iya? Da wane ido zai dubi bakanike in ya wuce ta gaban rumfa a cikin dutsen guga? Kunya ke nan, ita yake faɗa wa kansa. Ƙarƙashin kunyar kuwa tsoro ne: in ya shiga wadda akuya ke iyawa ya kasa fa? Sai ya zaɓi zama. Ya daina zuwa benci. In mai faci ya zo gaishe shi sai ya ce a ce yana hutawa. Bakanike na zuwa duk Asabar ya tayar da farar motar don kada batir ya mutu, Malam na jin ƙararta daga ɗaki, ba ya fitowa.

Amma da hantsi, in gida ya yi shiru, maiɗakinsa kan hango shi ta tagar kicin. Zai ja ƙafa zuwa rumfa, ya ɗage tamfol ta gefe ɗaya, ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar direba, ƙafar hagun na waje a ƙasa don ba mai shigar masa da ita. Ya riƙe sitiyari hannu biyu, ya duba madubi, ya duba ɗaya madubin. Tamfol ya rufe gilashin gaba, ba abin da yake gani. Sai ya yi kamar rabin sa'a a haka, sannan ya fito ya gyara tamfol yadda ya same shi. Ba ta taɓa nuna masa ta gani ba. Cin abincinsa ya ragu, rigunansa suka fara yi masa yawa a kafaɗa.

Duk Talata Auta ke kai shi asibiti, a shuɗiyar motar, don babu wata. Ya ce shi a matsayin kaya yake shiga, ba ruwansa da abin da aka ɗora shi a kai. Sai dai kayan ba ya shiru.

"Ba ki duba madubi ba."

"Na duba, Baba."

"Da ido kika duba. So nake in ga wuyanki ya juya."

Wata Talata a wata na bakwai, da suka fito daga asibiti, maimakon ta miƙe gida sai ta karya ta bayan tsohuwar masaƙa, ta shiga filin da ya saba kai ɗalibai. Tayoyin da ya binne rabi ya shafa wa farin fenti suna nan a jere, ciyawa ta fara rufe su. Ba kowa a filin. Ta tsaya, ta buɗe jakarta, ta fito da lotsattsen kofin nan da gorar ruwa.

Ya dubi kofin, ya juya ya dubi kujerar baya. Maiɗakinsa ta mai da hankali kan gyaran bakin mayafinta.

"Ban taɓa ganin ka kayar da ɗalibi ba tare da ka zauna kusa da shi ba," in ji Auta. "Motar nan kaɗai ka kayar ba ka gwada ta ba."

"Tayar mu tafi gida."

"A tashe take, Baba."

"To ja mu tafi."

Auta ba ta ja ba. Shiru ya yi tsawo, irin shirun da sai a wannan motar ake samunsa, ba injin da zai rufa wa kowa asiri. Sai uwar ta yi magana daga baya, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, ina ganinka a ƙarƙashin tamfol."

Bai juya ba.

"Kullum ina ganinka. In zama a bayan sitiyari kake so, ga inda gilashi yake a buɗe. Shekara talatin da takwas ban taɓa ce maka kai ni wuri kaza ba, sai in ka ga dama. Yau na ce. Ka kai ni waccan tayar ta ƙarshe ka dawo da ni. Ba bakanike a nan, ba mai faci. In ka ƙi kuma shi ke nan, mu je gida in ci gaba da yin kamar ban gani ba."

Ya daɗe yana kallon tayar ƙarshen. Sannan ya lalubi sandarsa.

Zagayowa daga wannan ƙofa zuwa waccan ya ɗauke shi lokaci. Uwar ta fito ta sunkuya ta shigar masa da ƙafar kamar kullum. Auta ta koma kujerar da ya bari, kujerar malami, ta cika kofi saura yatsa guda, ta ɗora a saman gaban motar inda ya fi daidai.

"Takalmi," ta ce.

Ya harare ta, ya tuɓe na dama.

"Dokar ba ta ce ɗaya ba."

Uwar ta zare masa na hagun, ta riƙe su duka biyu ta koma baya.

"Wanda ya saba da giya, akan ce ya naɗe ƙafar hagu can baya kusa da kujera," in ji Auta. "Ka san dalili, kai ka fi kowa ba da labarin."

Malam ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Wannan? Wata bakwai ina roƙonta. Bar ta inda aka ajiye ta."

Ta nuna masa abin da zai murɗa. Ya taka birki da dama, ya murɗa, ya ɗaga ƙafa. Hannunsa ya tafi neman giya da kansa, ya damƙo gorar ruwa, ya sake ta da sauri kamar ba shi ba. Motar ta silala gaba.

Abin da ya fara ji shi ne tsakuwa. Duk shekarun da ya yi a filin nan bai taɓa sanin haka ƙasarsa ke ƙara a ƙarƙashin taya ba, injin bai taɓa barinsa ya ji ba. Ya ɗan taɓa totur, ta amsa nan take, ba tari ba jinkiri. Ya saci kallon kofi, ruwan ko girgiza bai yi ba. Wannan ya ba shi haushi, don ba gwanintarsa ba ce. Amma da ya karya kwana a tayar ƙarshe, hannu bisa hannu yadda yake koyarwa, ya ji bayan motar ya biyo shi daidai, sai wani abu ya taso masa. Murna ce, ya kuma ji kunyarta. Bai tsaya inda aka ce ya dawo ba, ya sake zagayawa. Ba wadda ta tuna masa.

A zagaye na uku wani mai tura baro ya ɓullo ta inda katanga ta rushe, ya yanko ta tsakiyar filin, ya ba su baya, bai san da mota a wurin ba. Da nisa tsakaninsu, ba abin tashin hankali. Malam ya ɗage dama daga totur ya ɗora a birki, a hankali, yadda ya koya wa mutum dubu. Gudu ya ragu, ya ragu, ya kai daidai wurin nan da farar motarsa kan fara rawa tana neman a taka mata kulochi.

Motar ta kafe wuri ɗaya kamar ta ci karo da bango.

Kofi ya daki gilashi, ruwa ya wanke gaban motar ya zubo musu a gwiwa. Uwar ta gaisa da bayan kujera, takalman suka tashi daga cinyarta. Mai baro ya waiwayo, ya dube su sama da ƙasa, ya ce motocin nan marasa sallama sai sun kashe mutum, ya tura abinsa ya wuce.

"Haba Malam," in ji uwar tana dafe goshi, "da girmanka da shekarunka..."

"Baba, lafiya? Dube ni. Yi magana in ji." Auta ta riga ta kai hannu ta mayar da motar fakin, don abin da ya zo mata shi ne ciwon ya dawo.

Bai dube ta ba, ƙasa yake kallo. Ta bi idonsa. A kan faffaɗan birkin nan ƙafafu biyu ne, ba takalmi, gefe da gefe. Ta hagun ta danne gefensa har ƙasa, yatsunta a tanƙware, tana karkarwa.

"Wa ya ɗora ta?" ya ce. Muryar a miƙe take, ba karkata.

Uwar ta leƙo ta tsakanin kujeru, ta gani, ta sa mayafi ta toshe bakinta.

Ya gwada janye ƙafar, ta ƙi. Ta je da kanta, amma dawowa ta gagara, ta sandare a wurin kamar ta sabon ɗalibin da tsoro ya kama. Uwar ta buɗe ƙofa ta zagayo, ta durƙusa, ta miƙa hannu biyu yadda ta saba. Ya tare hannun.

"Bari."

Ya gyara zama. Ya ɗora hannu biyu a sitiyari, ya daina kallon ƙafar, ya dubi gaba ta jiƙaƙƙen gilashi. Wata guda ya yi a gida yana ba ta umarni, bai taɓa yi mata magana yadda yake yi wa ɗalibai ba. Ya sauke murya can ƙasa.

"Sassauta," ya ce. "Kada ki saki. Sassauta."

Ba abin da ya faru. Ya sake faɗa. Gumi ya gangaro ta bayan kunnensa. A faɗa ta biyar ko ta shida karkarwar ta lafa, yatsun suka miƙe, tafin ya ɗago daga birkin kamar faɗin yatsa biyu, ya tsaya a iska ɗan lokaci, sannan ya zame ya sauka a ƙasa. Iyakar abin ke nan, yatsa biyu. Uwar na durƙushe a tsakuwa, hannuwanta a buɗe ba abin da za su ɗauka, tana kuka ba sauti.

Malam ya ja dogon numfashi. Ya dubi ruwan da ke ɗiga daga gaban motar.

"Akwai tsumma a wannan dutsen guga?"

Auta ta zaro ɗaya daga aljihun ƙofa, tana share ido da bayan hannu. "Bari in goge, Baba."

"Wa ya zubar?"

Ta miƙa masa. Ya goge gilashi, ya goge sitiyari, ya bi lungu-lungu bai bar ɗigo ba, ya matse tsumman a waje. Sannan ya ce wa maiɗakinsa ta tashi daga ƙasa ta shiga, ai bai dawo da ita inda ya ɗauke ta ba tukuna. Ya tsinto kofin daga inda ya faɗa, ya duba sabuwar lotsawar da ya yi, ya miƙa wa Auta.

"Cika shi. Saura yatsa guda."